Littafin Shaidar da Bai Ƙare da Warkewa Ba: Bitar *Joni*

Yawancin littattafan shaida da ake shimfiɗawa a ƙofar majami'u hanyarsu ɗaya ce: mutum ya shiga ƙunci, ya yi kuka ga Ubangiji, aka buɗe masa ƙofa, jama'a suka ɗaga murya da halleluya. *Joni*, wanda kamfanin Zondervan ya buga a Amurka a 1976, bai bi wannan hanya ba. Yarinyar da aka shiga da ita asibiti a babin farko ba ta motsa hannu ko ƙafa, a shanye take har shafin ƙarshe, kuma ta haura shekara 50 a kan keken guragu. Wannan ne ya sa nake ganin littafin ya fi takwarorinsa amfani ga duk wanda damuwarsa ta ƙi tafiya.

Ranar 30 ga Yuli, 1967, Joni Eareckson tana da shekara 17, ta gama sakandare ke nan tana shirin wucewa gaba. Ita ce auta a cikin 'yan mata huɗu, a gidan da ba a san zaman banza ba: uban tsohon ɗan kokawa ne, ita kuwa ga hawan doki ga iyo. Suka je wanka da yayarta Kathy a mashigin teku na Chesapeake, a jihar Maryland. Ta daka tsalle ta shiga ruwa da ka, ashe wurin ba zurfi. Kai ya bugi ƙasa, ƙashin wuya ya karye tsakanin gaɓa ta huɗu da ta biyar, laka ta taɓu. Tana kife a cikin ruwa, hankalinta garau, numfashi yana ƙare mata, amma hannu ya ƙi amsa kira. Kathy ce ta ɗago ta. A nan littafin ya nuna wani ɗan abu da ba ya barin zuciyar mai karatu: Joni ta ga hannunta rataye a kafaɗar yayarta, alhali ita ji take yana ɗaure a ƙirjinta. Kafin wani likita ya buɗe baki, idonta ya riga ya gaya mata cewa ita da jikinta sun raba hanya.

Babukan asibiti su ne ƙashin bayan littafin, kuma nan ne ya fi ƙarfi. An aske mata kai, an kafa ƙarfe a ƙoƙon kanta don a ja wuyan ya miƙe, an kwantar da ita a kan wani gado na zane mai kauri da aka ɗaure a jikin ƙarafa. Bayan kowace awa biyu ma'aikata su zo su ɗora wani zanen a kanta, su ɗaure, su juya ta. Awa biyu tana kallon rufin ɗaki, awa biyu tana kallon daɓe da takalman masu wucewa. A ɗakin da aka fara ajiye ta, maƙwabtan gadonta suna mutuwa tana ji, ba ta da ikon ko waiwayawa. Idan ta yi kuka ba mai share hawayen sai wani ya zo, hanci ya toshe ba ta iya fyacewa, har ta gane cewa kuka ma sai mai hannu. Duk wanda ya taɓa jinyar wanda hatsarin mota ko na acaɓa ya karya wa baya zai san ba ƙari a wannan bayani, tun daga gyambon kwanciya har zuwa kunyar budurwar da sai an wanke ta.

Sai ranar madubi. Wasu ƙawayenta na makaranta suka zo dubiya, suka kasa jure abin da suka gani, suka fice. Joni ta matsa wa ƙawarta Jackie ta kawo mata madubi. Ta ga ido ya faɗa, fata ta yi rawaya, haƙora sun yi baƙi saboda magani, kai ba gashi, jiki ya zama ƙashi da rai. Nan take ta roƙi Jackie ta taimaka mata ta mutu, tunda ita ko wannan ba ta iya yi wa kanta. Jackie ba ta yi ba.

Ka tuna wa ke wannan magana. Ba wadda ba ta san Allah ba ce. Tun tana 'yar shekara 15 ta ba da ranta ga Almasihu a wani taron matasa na ƙungiyar Young Life. Mai bi ce take neman mutuwa, mai bi ce take fushi da Allah, take zarginsa da yi mata wasa da rai, har ta koma karatun masana falsafar da ba su yarda da shi ba, tana neman wanda zai tabbatar mata cewa rayuwa ba ta da ma'ana. Littafin bai ɓoye ko ɗaya ba, bai kuma nemi gafarar mai karatu ba. Ina ganin wannan babbar kyauta ce gare mu. Mu mutane ne da idan an ce "Sannu Mama, yaya jiki?" amsar ɗaya ce, "Da sauƙi," ko da Mama ba ta runtsa ba daren jiya. Al'ada ce mai kyau, tana rufe asiri, tana kuma nuna godiya. Amma a cikin ikkilisiya takan zama bango. Wanda ciwonsa ya kai shekara goma yakan gaji da ba da rahoton da ba ya canzawa, masu dubiya su ma su gaji da ji, sai kowa ya fake da "da sauƙi," a yi addu'a a watse. Joni ta rushe bangon nan, ta faɗi abin da Ayuba ya faɗa lokacin da ya la'anci ranar haihuwarsa, abin da marubucin Zabura ta 88 ya faɗa a waƙar da ta ƙare cikin duhu ba tare da ko kalmar ta'aziyya ba. Tunda Littafi Mai Tsarki ya ba wa irin wannan kuka wuri, ban ga dalilin da zumuntarmu za ta hana shi wuri ba.

To ta ina alherin ya shigo? Wanda yake jiran wahayi ko murya daga sama zai ƙare littafin bai gani ba. Alherin ya shigo ne ta hannun mutane, kaɗan-kaɗan, kuma sau da yawa ita kanta ba ta gane shi ba sai daga baya. Saurayinta Dick ya ɓoye ɗan kwikwiyo a cikin rigarsa ya shigo da shi asibiti don ta ji ɗumin wani abu mai rai a kumatunta, wurin da har yanzu take jin taɓi. Ƙawarta Diana ta ba da lokacinta ga jinyarta, ta kuma ƙi ƙyale ta lokacin da ta shiga rufe ido wuni guda tana mafarkin hawan dokinta don gudun gaskiya. Yayarta Jay ta ɗauke ta zuwa gidanta na gona ta riƙe ta. Wata ma'aikaciyar koyar da marasa lafiya sana'a ta sa mata alƙalami a baki ta ce ta gwada rubutu. Joni ta ƙi da farko, don a ganinta yarda da alƙalamin baki yarda ce cewa hannu ba zai dawo ba. Gaskiyarta kuwa, abin da yake nufi ke nan. Ranar da ta ciji alƙalamin ita ce ranar da ta fara rayuwa a cikin jikin da take da shi, ta daina jiran wanda ta rasa. Da bakin nan ta koyi zane har aka yi baje kolin zane-zanenta a Baltimore.

Sai kuma Steve Estes, yaron da bai kai ta shekaru ba, ba fasto ba, ba ɗan makarantar tauhidi ba a lokacin. Yakan zo gidansu su buɗe Littafi Mai Tsarki, ta jefa masa tambayoyin da manya suke kaucewa, shi kuma ya tafi ya yi bincike ya dawo. Abin da ya koya mata shi ne cewa hatsarin bai faru a bayan idon Allah ba, kuma Allah ba ya jin daɗin wahalarta, amma yana da ikon barin abin da ba ya so domin ya kai ga abin da yake so. Wannan koyarwa ce mai nauyi, akwai masu bi na ƙwarai da za su yi gardama da ita. Abin da ya sa ta zauna a littafin shi ne yadda aka kawo ta: daga bakin wanda ya dawo mako bayan mako, ba wanda ya jefo aya daga bakin ƙofa ya wuce ba. Romawa 8:28 a bakin mai lafiyar da ya zo dubiyar minti biyar takan zama mari. A bakin wanda ya zauna da kai shekara guda, wata aba ce dabam.

Wurin da ya fi taɓa ni shi ne inda wata ƙawarta ta tuna mata cewa Yesu ma ya san shanyewar jiki, domin a kan gicciye an kafe masa hannu da ƙafa, bai iya gyara kwanciya ba, bai iya share fuskarsa ba. Wannan bai amsa tambayar "don me" ba. Ya dai canza wanda take yi wa tambayar. Ba wani mai mulki na nesa take ƙara a gabansa ba, wanda ya riga ta shiga ɗakin ne. Addu'ar da ta juya rayuwarta ma gajeriya ce, ba ta da ado: tunda mutuwa ta ƙi zuwa, a nuna mata yadda za ta rayu.

Duk littafin, a ganina, sharhi ne a kan 2 Korantiyawa sura 12. Manzo Bulus yana da wata ƙaya a jiki wadda bai faɗi sunanta ba. Sau uku ya roƙi a cire, ba a cire ba. Amsar da ya samu ita ce alherin Ubangiji zai ishe shi, kuma a cikin rashin ƙarfi ne ikon Allah yake cika. Mun saba jin wannan a wa'azi har ya daina ba mu mamaki. Joni ta mayar masa da nauyinsa, domin ta nuna yadda isar take a aikace. Ba rumbu ake cika maka ba, ka sa kwaɗo ka huta. Awon yau ake ba ka, mudun da zai kai ka dare, gobe kuma ka sake miƙa ƙwarya. Haka aka yi wa Isra'ilawa da manna a jeji, wanda ya ɓoye na gobe ya tarar ya yi tsutsa. Mai ciwon da ba ya warkewa, ko matar da take riƙon ɗa mai taɓin ƙwaƙwalwa, ko wanda talauci ya zame masa abokin zama, ba babbar nasara guda yake nema ba. Abin da zai fitar da shi daga gado yau da safe yake nema.

Maganar warkarwa kuwa, littafin bai guje mata ba. Joni ta ba da gaskiya za ta warke. Takan ga kanta a bakin tafkin Baitasda na Yahaya sura 5, tana roƙon kada Yesu ya wuce ta. Ita da wani saurayi mai suna Donald, wanda suka yi nisa har ana tunanin aure, sun dage da addu'a suna sa ran za ta miƙe. Ba ta miƙe ba, daga baya shi ma ya tafi. Wannan babi yana da zafi, kuma an rubuta shi ba tare da mai da Donald mugu ba. A rubuce-rubucenta na baya ta ba da labarin zuwanta taron warkarwa na Kathryn Kuhlman a birnin Washington, inda aka jera masu keke a gefe guda, hasken fitila yana ta yawo a wasu sassan zauren, kafin a tashi kuma aka fara fitar da su don kada su tare hanya. Ta kalli layin masu keken da ke jiran na'urar sauka, kowa shiru, ta tambayi kanta ko akwai abin da ba daidai ba a yadda ake karanta Nassi.

Wannan layi ba baƙo ba ne a wurinmu. Bayan kowane babban taron farkawa akwai waɗanda aka ɗauko a kafaɗa, aka kuma mayar a kafaɗa, kuma ba wanda yake ba su makirufo. Abin da ya fi ciwo shi ne kayan da ake ƙara musu: bangaskiyarka ce ba ta kai ba, ko akwai zunubin da ba ka furta ba, ko wani abu ne daga kakanni. Ina gaskata Allah yana warkarwa, Joni ma ba ta taɓa musun haka ba. Amma Bulus ɗin da aka warkar da mutane ta hannunsa shi ne ya bar Tarofimas ba lafiya a Militas, shi ne kuma ya ba Timoti shawara a kan ciwon cikinsa da yawan laulayinsa. Koyarwar da ba ta da wurin ajiye Tarofimas ba ta da wurin ajiye rabin mutanen da ke zaune a majami'a ranar Lahadi.

Littafin yana da rauninsa. An rubuta shi tare da Joe Musser, kuma a wasu wurare ana jin hannun ƙwararre ya goge maganar har ta yi santsi fiye da kima. Akwai hirarrakin da matasa suke jero ayoyi da dogon bayani kamar masu karatu daga takarda, abin da ba na tsammanin haka ya fito daga bakinsu. Kashi na biyu kuma yana sauri. Duhun farko an ba shi lokacinsa, amma fitowar ta zo a gaggauce: zane ya karɓu, Barbara Walters ta yi hira da ita a talabijin a 1974, gayyata ta yi ta zuwa, littafin ya rufe tana jawabi a gaban taron matasa. Ba ƙarya a ciki, haka abin ya faru. Haɗarin shi ne mai karatu ya ɗauka shahara ita ce ladan haƙurin, wato warkewar da aka hana ta ƙofa ta shigo ta taga. Dubban masu irin ciwonta ba za su taɓa zana ko fure ɗaya ba, ba wanda zai san sunansu bayan unguwarsu, kuma alherin da yake riƙe su bai gaza nata ba. Da littafin ya faɗi wannan da babbar murya, da ya fi.

Akwai kuma abin da mai karatu a Kafanchan ko Maraɗi ba zai kasa lura da shi ba. Joni 'yar masu hali ce. Ta yi kusan shekara biyu tsakanin asibiti da cibiyoyin gyaran jiki, har da Rancho Los Amigos a Kalifoniya, ta samu keke mai lantarki, ta samu 'yan'uwan da za su iya ajiye aikinsu su kula da ita. Wanda ya karye a wuya a ƙauyen da asibitin ƙashi yake nisan wuni guda, ko wanda shan-inna ta bari yana jan jiki da takalmin roba a hannu, zai iya cewa mai ɗaki shi ya san inda yake yoyo. Ba laifinta ba ne, amma littafin 1976 bai cika ganin wannan gata ba. Ta gan shi daga baya. A 1979, shekarar da aka yi fim ɗin littafin ita da kanta ta fito a matsayin kanta, ta kafa ƙungiyar Joni and Friends. Ta zauna a majalisar ƙasa mai ba da shawara kan naƙasassu a lokacin da aka kafa dokar kare haƙƙinsu ta Amurka a 1990, kuma shirin ƙungiyarta na tattara tsofaffin kekuna a gyara a raba ya kai ƙasashe da yawa, har da Gana.

Gyara mafi girma ga raunin littafin farko ita ce ta yi shi da kanta, a *A Place of Healing* na 2010. A lokacin ta yi aure da Ken Tada tun 1982, ta rubuta littattafai da dama, ana ganinta a matsayin wadda ta riga ta ci jarrabawa. Sai wani ciwo mai tsanani ya kama ta a ƙugu da baya, a jikin da aka ce ba ya jin komai, ciwon da ba ya barinta dare da rana. Matar da ta yi shekaru da dama tana ƙarfafa wasu ta sami kanta tana sake roƙon a warkar da ita, tana sake jin tsoro, tana sake tambaya. Ta rubuta littafin ne daga tsakiyar ciwon, ba bayan ya wuce ba. Muryar ta fi ta 1976 nutsuwa, ta kuma fi ta gajiya, ba ta da saurin ɗaure kowace magana. Takan ba da labarin safiyarta: ta farka ta ji motsin wadda ta zo yi mata wanka da sutura, aikin da yakan ci awa biyu, ta gaya wa Ubangiji cewa ba ta da ƙarfin wannan rana, ba ta ma da murmushin da za ta tarbi baiwar Allahn nan da shi, ya ara mata nasa. A shekarar da littafin ya fito aka gano tana da sankarar mama, aka yi mata tiyata da magani, cutar ta sake dawowa a 2018.

Musulmin da ya ɗauki *Joni* zai tarar da abubuwan da ya sani: yarda da ƙaddara, haƙuri irin na Annabi Ayuba, da sanin cewa jarrabawa ba alamar ƙiyayyar Allah ba ce. Zai kuma ga inda hanya ta rabu, domin ta'aziyyar Joni ta rataya ne a kan gicciye, a kan Almasihun da ya sha wahala a jiki. Littafin bai sassauta wannan don ya faranta wa kowa ba, kuma na ga hakan ya fi girmama mai karatu.

Turancinsa mai sauƙi ne, ɗan sakandare zai iya bi, babukan kuma gajeru ne da za a iya karanta ɗaya a zama guda a fassara wa waɗanda ba su jin Turanci. Ban ba da shawarar a miƙa shi ga wanda ya faɗi makon jiya ba, ita kanta Joni a watanninta na farko da jifa za ta yi da shi in da tana da hannu. Masu jinya, da dattawan ikkilisiya, da shugabannin zumuntar mata masu zagayen dubiya su ya kamata su fara karanta shi, su bi shi da na 2010, sannan su zauna su lissafa mutanensu da suka daina zuwa sujada saboda matakalar ƙofar majami'a, ko saboda sun gaji da tambayar yaushe za su ba da shaida.